Hotunan sun iso, rubutun bai biyo ba

"Ɗana, hotunan nan sun zama bebaye." Da wannan Kawu ya tare ni a waya, ko gaisuwa ba mu gama ba. Ya sayi sabuwar kwamfuta, ya kwashe foldar hotunansa kaf daga tsohuwar, ya sa wata sabuwar manhajar tsara hotuna, ya buɗe. Hotuna ga su nan reras, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Abin da babu shi ne rubutun da ya kwashe shekaru yana yi a ƙarƙashinsu: waye wannan, wace ce waccan, yaushe aka ɗauka, wa ya ba shi aron hoton.

Yawancinsu tsofaffin hotunan dangi ne na takarda da ya aro ya yi musu sikanin, ya mayar wa masu su. Akwai wani baƙi-da-fari mai mutum bakwai, huɗu a tsaye uku a zaune, gefensa na hagu ruwa ya ɗan taɓa shi. Yayarsa ce ta zauna kusa da shi tana nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan labarinsa, shi kuma yana bugawa, har da dalilin da ya sa na ƙarshen bai kalli kyamara ba. Allah ya yi mata rasuwa tuni. Hoton yana hannun mutane da dama. Bayanin kuwa wuri ɗaya yake a duniya, kuma a ranar ba mu san ko wurin yana nan ba.

Da na zauna da shi sai na gane rubutun hannu uku ya bi. A shekarun farko wata ƙaramar manhajar kallon hotuna ya yi amfani da ita, mai akwatunan rubutu guda biyu a gefe, ɗaya na bayani ɗaya na sharhi, kuma duk wanda ya fi kusa da hannunsa shi yake cikawa. Daga baya ya koma wata babba mai kundi, irin wadda ake shigar da hotuna cikinta a yi musu albam da taurari da lakabi. A tsakani yakan kai hoto wata manhajar gyara, ya goge tabo, ya miƙe karkata, ya fitar da sabon kwafi, sau da yawa ma kwafin yake ɗauka a matsayin na gaske. Ga kuma hotunan baya-bayan nan da ya ɗauka da kyamararsa a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil yadda kyamara ta ɗauko shi.

A wurinsa duk abu ɗaya ya yi: ya rubuta a jikin hoto, kamar yadda ake juya hoton takarda a rubuta a bayansa da biro. A nan gizo ke saƙar. Akwatin rubutu iri ɗaya ne a ido, amma inda kalmomin ke sauka ya bambanta. Ko dai cikin fayil ɗin hoton kansa, ko cikin wani ƙaramin fayil ɗan rakiya da ke zaune a gefensa, ko cikin rumbun bayanan manhajar, wanda galibi ba ya cikin foldar hotuna ma sam.

Na roƙe shi kada ya ƙara taɓa komai. Ashe saura ƙiris ya goge tsohuwar kwamfutar ya ba jikansa. Muka yi kwafin faifanta gaba ɗaya, ba foldar hotuna kaɗai ba, sannan na ɗauko ExifTool, manhajar kyauta da Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003. Ba ta da kyan gani, umarni ake buga mata, amma ba ta ɓoye komai:

exiftool -a -G1 -s hoto.jpg

Wannan zai zazzago maka duk abin da ke cikin fayil ɗin, har da wanda aka maimaita, kowanne da sunan gidan da yake ciki. Da na ga yadda abin yake a hotuna goma sha, sai na sa ta bi foldojin duka ta fitar da tebur guda: layi ɗaya hoto ɗaya, kowane gurbin rubutu da shafinsa. A kan wannan teburin muka yi sauran aikin.

Rubutu yana ɗaki, ƙofa aka ɓata

Wasu hotunan lafiyarsu ƙalau, rubutun yana ciki, sabuwar manhajar ce ba ta leƙa inda yake ba. Dalilin tsohon labari ne. 'Yan jarida ne suka fara: ƙungiyar IPTC ta kafofin labarai ta fitar da tsarinta a farkon shekarun 1990 domin hoto ya isa ɗakin labarai tare da bayaninsa da sunan wanda ya ɗauka, Adobe kuma ya cusa shi cikin Photoshop, daga nan ya bazu. Kamfanonin kyamara na Japan suka kawo EXIF a 1995, su damuwarsu samfurin kyamara da lokacin ɗauka da yawan hasken da ya shiga. A 2001 Adobe ya sake kawo wani tsarin, XMP, wanda ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO a 2012. Babu wanda ya kori wani. Kowa ya shigo ya kama ɗaki a cikin fayil ɗaya.

Saboda haka abin da mu muke kira bayanin hoto yana da gurbi uku na hukuma: ImageDescription a EXIF, Caption-Abstract a IPTC, da dc:description a XMP. Ban da su akwai UserComment, shi ma a EXIF, akwai XPComment da Windows ke cikawa, akwai kuma gurbin sharhi na JPEG ɗin kansa. Wuri shida ke nan, magana ɗaya. A 2008 Adobe da Apple da Canon da Microsoft da Nokia da Sony sun fitar da ƙa'idojin daidaita ukun farko, suka sabunta su a 2010, sai dai shawara ce, ba doka ba, kuma tsofaffin manhajoji ba su san da zamanta ba.

Akwatin sharhi na manhajar Kawu ta farko gurbin JPEG ɗin nan yake cikawa. Maganinsa layi ɗaya ne:

exiftool -r -if "not $XMP-dc:Description" "-XMP-dc:Description<File:Comment" folda

Ma'ana, duk hoton da gurbinsa na XMP babu komai, a kwafo masa abin da ke cikin sharhi. ExifTool kan bar tsohon fayil ɗin a gefe da kalmar _original a ƙarshen sunansa, kuma gaba kaɗan za a ga amfanin hakan.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

Waɗanda ya rubuta a akwatin bayani kuwa sun bayyana, amma a gurguje. Inda ya rubuta "ƙanwar Kaka" sai ka ga "Æ™anwar Kaka". "Ɗan" mai ƙaramin baƙi ya koma "É—an". Kawu ya ɗauka cuta ce ta kama kwamfutar.

Ba cuta ba ce. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana baƙaƙe da shi, kowane ɗaya daga ɓ da ɗ da ƙ bayit 2 ne yake ci, bayit kuwa shi ne ɗan ma'aunin wuri a fayil. Tsohon tsarin IPTC an gina shi tun kafin UTF-8 ya zama ruwan dare, don haka dole a maƙala masa wata 'yar alama mai bayit 3, a gurbin da ake kira CodedCharacterSet, wadda ke sanar da mai karatu yadda aka rubuta. In babu ita, manhajoji da yawa sai su ɗauka tsarin baƙaƙen Turai ta Yamma ne, mai bayit ɗaya baƙi ɗaya, su raba ƙ gida biyu: rabin farko ya zama Æ, na biyu ya zama ™. Rubutun bai lalace ba ko kaɗan, karatun ne ya karkace. Muka sa alamar, baƙaƙen suka miƙe.

Wani kason ne ya fi ba mu wuya. Su an adana su ne kai tsaye a wancan tsarin na Turai, wanda ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa ko ɗaya, sai aka maye gurbin kowannensu da alamar tambaya. Wannan babu umarnin da zai dawo da shi, domin abin da ke cikin fayil ɗin alamar tambayar ce da gaske. "?anwa" kowa ya san ƙanwa ce, "?ofar gida" ma haka. Amma "?ari" fa? Ɗari ne, ko ƙari, ko ɓari? Sai mai jin harshen ya karanta jimlar. Na tace teburin na ware duk layin da ke da alamar tambaya a farkon kalma ko tsakiyarta, Kawu ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi ƙorafi ba. Ina jin ma daɗin sake karanta su yake ji.

Shi ma EXIF ɗin ba gwani ba ne a nan: gurbinsa na bayani baƙaƙen ASCII, wato na Turanci zalla, kawai aka tsara masa, sai a bugu na 3.0 da ya fito a 2023 aka shigo da UTF-8. Ga mai rubutu da Hausa, wannan kaɗai ya isa dalilin sa XMP a gaba, tun da shi da Unicode aka haife shi, tsarin da ya san baƙaƙenmu.

Kundin da bai bi kaya ba

Kaso mafi girma, kusan duk aikin shekarun baya-bayan nan, babu komai a cikin fayilolinsu. Fari fat. Da muka kunna tsohuwar kwamfutar muka buɗe manhaja mai kundi, sai ga komai: bayani, lakabi, taurari, albam. Kawu ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "To ai ga su nan, ɗana." Na ce, "Kawu, suna nan, amma ba a jikin hotunan ba."

Haka irin waɗannan manhajoji suke aiki, kuma ba mugunta ba ce. Bincike a rumbun bayanai ya fi buɗe fayil dubu sauri, kuma akwai masu ɗaukar hoto da ba sa son a taɓa musu fayil na asali. Lightroom Classic, alal misali, yana ajiye komai a kundinsa, wanda rumbun SQLite ne. Saitin rubuta canje-canje cikin XMP kai tsaye a kashe yake zuwa, sai ka kunna, ko ka zaɓi hotuna ka danna Ctrl da S. Shi ma digiKam rumbu yake da shi, kai ne za ka zaɓi abin da zai sauka cikin fayil. Bayanin da ka rubuta a Google Photos yana zaune ne a wurinsu, in ka kwashe kayanka ta Takeout, hanyar da Google ya tanada don haka, sai ya zo a wasu fayilolin JSON daban. Matsalar ita ce manhaja ba ta dawwama. Apple ya sanar da dakatar da Aperture a 2014, Google ya daina kula da Picasa a 2016. JPEG ɗin da aka ɗauka kafin su yana buɗewa har gobe.

A nan na yi ɓarnar da ba zan ɗora wa kowa ba. Na zaɓi hotuna duka a cikin kundin na ce ya rubuta abin da ya sani cikin fayiloli. Ya yi abin da na ce. Sai dai hotunan da na gama gyarawa jiya, masu sharhin JPEG, shi kundin bai taɓa sanin suna da bayani ba, gurbinsu a wurinsa babu komai, sai ya ɗora wannan babu-komai ɗin a kan aikina. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba don sharhin asali yana nan a gurbinsa ba, ga kuma kwafin faifai da fayilolin _original, da na shiga uku a gaban Kawu. Tsarin da ya dace shi ne kundi ya fara zubar da nasa, sannan a bi a cike guraben da suka rage. A kuma kula da umarni biyu da ke zama maƙwabta a irin waɗannan manhajoji, na rubutawa cikin fayil da na karantowa daga fayil. Wanda ya danna na biyu bisa kuskure a halin da muke ciki, farin fayil ne zai shafe masa kundin.

Albam ba ya bin hoto, domin shi jeri ne a cikin rumbu, ba sifar hoton ba. Kafin mu sake rubutawa, mun shiga kowane albam muka ba hotunansa lakabi da sunansa. Lakabi mai rassa, irin dangi, sai ɓangaren uwa, sai kakanni, kowace manhaja da gurbin da take ajiye rassan. Abin da kowa ke karantawa shi ne jerin kalmomi zalla na dc:subject, don haka muka tabbatar kowane reshe ya sauka a can. Taurari sun wuce lafiya. Alamun launi ban wahalar da kaina a kansu ba, Kawu ma ya manta abin da yake nufi da shuɗi.

Hotunan RAW nasu daban ne. Tsarinsu na kamfanin kyamara ne, shi ya sa manhajoji ke gudun rubutu a cikinsu, sai su ajiye ɗan rakiya. Abin da ke haɗa su suna ne kawai, kuma ko sunan ba a daidaita a kansa ba: manhajojin Adobe kan sa IMG_0042.xmp, darktable kuma IMG_0042.CR2.xmp. Kawu ya taɓa sauya wa wasu hotunan suna daga wajen manhajar don su yi ma'ana, 'yan rakiyar suka zama marayu a folda. Da yake XMP rubutu ne zalla, ko a Notepad yana buɗewa, kuma yawancinsu na ɗauke da lokacin ɗauka har zuwa daƙiƙa, da shi muka mayar da kowa wurin ubangidansa.

Kwafin da suka fito daga manhajar gyara wasu sun taho da bayaninsu, wasu tsirara, gwargwadon abin da aka zaɓa a akwatin fitarwa a ranar. Inda sunan bai sauya sosai ba, ExifTool ta kwafo musu daga na asali. Bayani da lakabi kaɗai na ce ta ɗauko. In ka ce ta kwaso komai, har da alamar juyin hoto da tsohon ƙaramin samfurinsa za su biyo, sai ka ga hoton da aka riga aka miƙe ya sake kwanciya. Mun so mu nemi wasu a wurin dangin da ya tura wa ta WhatsApp, amma hoton da aka tura a matsayin hoto matse shi ake yi a zubar da bayanan cikinsa. Sai wanda aka tura a matsayin fayil ne ke isa yadda yake.

Sai kuma hotunan da suka zo da magana biyu. A ɗaya, IPTC ya ce matar da ke ciki ƙanwar Kaka ce, XMP ya ce 'yar wansa ce. Akwai wata dabara da aka tanada don irin wannan: manhajar da ta san tsarin biyu takan ajiye wani ɗan hatimin lissafi na abin da ke cikin IPTC, in wata ta zo ta sauya shi ba tare da ta taɓa XMP ba, hatimin ba zai dace ba, sai a gane. Wannan yana nuna wanda aka taɓa daga baya. Ba ya nuna wanda yake gaskiya. Kawu ya duba ya ce na biyun ne, wani dattijo ne ya gyara masa. A wasu wuraren kuma na farkon ya zaɓa.

Abin da muka tsayar

Mun ɗan ja da shi kan ko a riƙa rubutawa cikin fayil ɗin ne ko a bar wa 'yan rakiya. Tsoronsa kada hoton ya lalace, don ya ji an ce duk lokacin da aka adana JPEG ingancinsa na raguwa. Hakan na faruwa ne in an sake matse hoton. Rubuta bayani ba ya taɓa ɗigon hoton ko ɗaya. Asarar da ke akwai ta wani wajen ce: gyaran kalma ɗaya na sa manhajar ajiya ta ga fayil ya sauya, ta sake kwafe ƙaton fayil ɗin hoto na TIFF ɗungurungum. Kuma sunayen mutane da wurin da aka ɗauki hoto za su bi shi duk inda ya je, don haka kwafin da za a sa a intanet sai an tuɓe masa su da gangan. Duk da haka ra'ayina bai sauya ba: JPEG da TIFF a rubuta a ciki, RAW a bar shi da ɗan rakiya, kuma kada a sauya suna ko a matsar da hoto sai daga cikin manhajar da ta san su biyu ne.

Gurbi ɗaya muka naɗa sarki, dc:description, sauran su riƙa kwafa daga gare shi. Muka kunna rubutawa cikin fayil a sabuwar manhajar. Teburin nan kuma ya zama al'ada: lokaci-lokaci a fitar da sunan kowane hoto da bayaninsa a rubutu zalla, a ajiye tare da kwafin hotunan. Na kuma yi masa hoton gwaji guda, bayaninsa ya fara da "ɓera, ɗaki, ƙofa", ya ci gaba da dogon surutu mai lambobi a kowane layi. Duk manhajar da zai fara amfani da ita, wannan hoton zai fara shiga: a buɗe, a gyara, a fitar, sannan a duba da ExifTool a ga me ya fito da rai, kuma a layi na nawa aka yanke.

Dogon surutun yana da dalili. Tsohon IPTC yana da iyaka: bayit 2000 ga bayanin hoto, 64 ga kowane lakabi. XMP ba shi da wannan takurar. Hoton mutum bakwai ɗin nan a manhajar farko aka rubuta nasa, a akwatin bayani, ranar da Yaya take zaune. Mun same shi, mun miƙe masa baƙaƙe. Mutum biyar sun cika da sunayensu da labarinsu. Na shida sunansa ya fito, da rabin jimla kan aikin da ya yi, sai rubutun ya tsaya a tsakiyar kalma. Na ƙirga, bayit 2000 cif. Tun a ranar aka datse shi, akwatin ya karɓi rubutun duka amma fayil ɗin bai ɗauka ba, Kawu kuma bai koma ya duba ba. Mun bincika kundin, mun bincika tsofaffin kwafi, ko'ina a wannan kalmar ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon mutumin da ya kau da kai daga kyamara. Ya ce yana tuna Yaya tana dariya lokacin da ta zo kansa, har sai da ya dakata da bugawa ya jira ta gama, amma abin da ta faɗa ya tafi. Ya jawo allon rubutu ya ƙara layi a ƙasa: "Na bakwai, na tsaye a ƙarshen dama: ina zaton ƙanen mijinta ne, ban tabbatar ba. Yaya ta faɗi dalilin da ya sa ya juya, abin dariya ne." Ya adana, sannan ya ce in buga umarnin nan nawa mu gani ko ya shiga.